Faransawa ba da Afirka suka fara kafa zango a ƙetare ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ɗalibanmu da dama a Yamai sun ɗauka mamayar Faransa ta soma ne daga harin hafsoshin sojan Faransa Bule da Shanuwan a 1899. Ai abin ya girmi haka da shekaru wajen 300.

A 1604 Faransawa 79 suka sauka a tsibirin Sainte-Croix, wanda yau yake jihar Maine ta Amurka, kan iyaka da gabashin Kanada. Sun zaɓi tsibiri don tsaro, zaɓin kuwa ya ci su. Da sanyi ya kama, ƙanƙara ta tsare hanyar zuwa gaɓa, itace da ruwan sha suka yanke. Abincinsu nama mai gishiri ne, ba ganye ba ƴaƴan itace, sai cutar rashin bitamin C ta kumbura musu dasashi, haƙora na zuba. Mutum 35 suka mutu. A 1605 sauran suka koma Port-Royal, a gabashin Kanada ta yau.

Haka aka sake a Kebek ta Kanada, wadda Samuel de Champlain ya kafa a 1608: cikin 28, takwas kaɗai suka ga ƙarshen sanyin. Fatun dabbobi suka je nema.

Saint-Louis ta Senegal kuwa sai 1659 Faransawa suka kafa ta. Ya kamata malaman tarihi su riƙa farawa daga Sainte-Croix.

Wani malamin tarihi, Yamai