Hoton baƙi da fari da ke komawa kore: mu duba tawada

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu shagon hoto, don abin nan ya ci min tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya wata Hajiya ta kawo min tsohon hoton mahaifinta, ya kakkarye ya yi tabo, na zauna a kwamfuta na gyara shi tsaf, na buga mata baƙi da fari na sa a firem. Ba a yi wata shida ba sai ga ta ta dawo da shi a leda, ta ce "Malam dubi Baba ya koma kore." Wallahi ban iya musu ba, rawanin da na buga fari da inuwa ruwan toka ya zama kamar an jiƙa shi da ruwan ganye.

Laifin na tawada ne. Firintar da yawancinmu ke aiki da ita, irin su Epson L805 da L1800, kala shida ne kuma babu ruwan toka a ciki, to idan ka ce ta buga baƙi da fari sai ta haɗa shuɗi da ja da rawaya ta ƙirƙiro tokar, ga shi kuma tawadar rini ce, kowace kala da saurin koɗewarta, wadda ta riga gudu sai ta bar sauran su fito fili. Tun kafin ya koɗe ma za ka ga hoton a shago ƙarƙashin ƙwan lantarki ya yi ja-ja, ka fita da shi rana ya yi kore-kore.

Wasu na cewa a umarci firinta ta yi aiki da baƙa zalla. Na gwada. Rikiɗewar kala ta ragu sosai, amma matso da idonka kan goshi ko kumatu, ɗigo-ɗigo ne kamar an watsa yashi, don babu tawada mai haske da za ta cike tsakani. Hoton gini ko na kasuwa zai wuce, fuskar amarya kam a'a.

Mafita ta gaske ita ce tawadar figiment, wato ta garin launi ba ta rini ba, mai toka hawa-hawa. Tun 2005 Epson ta fito da tawadar UltraChrome K3 a firintar R2400, baƙa ɗaya da toka biyu, Canon ma tana da irin wannan tsarin a manyan firintocinta. A Amurka har akwai Piezography ta Jon Cone, inda ake cire kaloli gaba ɗaya a zuba baƙi da toka har hawa bakwai, yawanci na kabon. Kabon ɗin nan fa ba baƙonmu ba ne, gawayi da ƙaro ne tawadar da alarammomi ke rubutu da ita, kuma kowa ya san yadda rubutun baƙi ke daɗewa a tsofaffin littattafai.

Sai dai figiment na da nata halin. Ga tsada, ga toshe kan firinta in ta kwana biyu ba aiki, balle lokacin hunturu da ƙura da bushewar iska, kana wanke kai tawada na zurarewa kuɗinka na tafiya. Kuma baƙar tawadar takarda mai sheƙi daban, ta marar sheƙi daban, in ka sa ta marar sheƙi a kan mai sheƙi yatsa ma goge ta yake.

Roƙona ga masu shigo da kaya, su riƙa kawo firinta irin Epson L8180 mai tankin toka tare da tawadarta ta asali, ba kullum jarkar da ba suna ba. Ita ma ba figiment ba ce duka, amma ta fi abin da muke fama da shi. Hoton Hajiya dai na kai wa wani abokin sana'a mai babbar firinta a Kano ya sake bugawa, daga aljihuna na biya.

Naku,
wani mai shagon hoto a Sabon Garin Zariya