A Koya wa Ɗalibai Keɓe Muhallin Aiki Tun Ranar Farko

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi kira ga 'yan'uwana masu koyar da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, musamman waɗanda ke sa ɗalibai aiki a littafin Jupyter, wato shafin da ake rubuta umarni a ga sakamakonsu nan take.

A watan jiya wata ɗalibata ta same ni idonta ya yi jajir. Aikin nazarin bayanai da ta shafe mako uku tana yi, wanda jiya-jiya yake tafiya lafiya lau, ya wayi gari ya ƙi motsi, alhali ko harafi ɗaya ba ta taɓa ba. Muka zauna muka bi diddigi. Ashe wani darasi ta bi da dare, ta sabunta laburaren pandas na kwamfutarta baki ɗaya. Shi kuwa pandas, wanda tarin umarni ne da aka shirya don nazarin bayanai, tun fitowar siga ta 2.0 a 2023, an cire masa umarnin append na ƙara layuka a tebur, kuma a kan wannan umarnin rabin aikinta ya dogara. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ne ban nuna mata yadda ake ware wa kowane aiki ɗakinsa ba.

Ba wani abu ne mai wuya ba. Tun siga ta 3.3 a 2012 Python yake zuwa da venv a cikinsa, wato abin da ke keɓe wa kowane aiki muhallinsa da laburarensa. Ka shiga foldar aikin, ka rubuta python -m venv .venv, ka kunna muhallin, shi ke nan duk laburaren da ka girka a nan zai tsaya. Masu amfani da conda, wata manhajar girka laburare, su ma suna da irin wannan hanya.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Littafin Jupyter allo ne kawai, akwai injin da ke bayansa yana gudanar da umarni, wanda ake kira kanel. Sau da yawa ɗalibi zai keɓe muhalli, ya girka komai daidai, ya buɗe littafi, sai a ce masa ba a ga laburaren ba. Ya sake girkawa, ya sake, har ya fara zargin kwamfutarsa. Alhali littafin yana magana ne da wani Python daban! Maganin shi ne a girka ipykernel, wato kanel ɗin Python, a cikin muhallin, a yi masa rajista da python -m ipykernel install --user --name aikina, sannan a zaɓi wannan sunan a cikin littafin. Ni yanzu layin farko da nake sa kowa ya rubuta shi ne na duba sys.executable, ya gani da idonsa wane Python ne ke amsa masa.

Na san wasu malamai na cewa wannan zai rikita sabon shiga. Ban yarda ba. Rabin awa ya ishe shi, har da nuna yadda pip freeze ke adana jerin laburare da sigoginsu, yadda abokin aiki zai iya sake gina muhallin a tasa kwamfutar.

Ɗalibar tawa kuwa, mun buɗe mata sabon muhalli da pandas 1.5, kafin mu tashi aikinta ya dawo yana gudu daga farko har ƙarshe. Ina roƙon masu tsara manhajar karatu su sa wannan darasi a makon farko.

Naku,
Wani malamin koyar da kwamfuta