Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Akwatin Farawa na Wasan Shiga Labari

Ya ku mambobi masu girma, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin abin da ƙungiyarmu ta aiwatar a shekarar da ta gabata. Kamar yadda babban taro ya amince, kusan dukkan ƙarfinmu ya tafi ne kan aiki guda, wato tsara akwatin farawa na wasan shiga labari na kan tebur (wasan da kowane ɗan wasa ke ɗaukar matsayin jarumi guda a cikin labari, jagora yana ba da labarin, ana jefa ƙwayoyi masu lambobi don sanin ko abin da jarumi ya gwada ya yi nasara), wanda mutanen da ba su taɓa ganin irin wannan wasa ba za su buɗe su fara bugawa a zama ɗaya, ba tare da wani gwani a kusa da su ba.

Kafin mu rubuta komai, ƙaramin kwamitin nazari ya duba yadda magabata suka tunkari wannan matsala. Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ya zo da dokokin da sai wanda ya saba da wasannin yaƙi na kan tebur yake iya fahimta, shi ya sa a 1977 kamfanin TSR ya fitar da akwatin 'yan koyo da J. Eric Holmes ya gyara, wanda ya tsaya a matakai uku na farko na ci gaban jarumi. Wanda ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne na 1983 da Frank Mentzer ya tsara, domin a maimakon ya fara da jerin dokoki, sai ya jefa mai karatu cikin ɗan gajeren labari da zai buga shi kaɗai, kowace doka tana bayyana a daidai lokacin da ake bukatarta. Akwatin 2014 kuma ya zo da jarumai biyar da aka riga aka cike takardun bayaninsu. Waɗannan dabaru biyu duk mun ɗauke su.

Duk da wannan nazari, daftarinmu na farko bai yi nasara ba, kuma ya kamata mu faɗa muku hakan ƙarara. Mun rubuta shi ne da idon waɗanda suka daɗe cikin wasan, muka cika shi da abubuwan da muke so mu kanmu. A zaman gwaji na farko mun zauna gefe muka yi shiru, bisa ƙa'idar da muka ɗora wa kanmu cewa ba za mu taimaki kowa ba. Wata baiwar Allah da ta karɓi aikin jagorar wasa ta buɗe littafin, ta karanta, ta koma baya, ta sake karantawa, abokan wasanta kuma suna ta juya ƙwayoyin jefawa a hannu har hira ta ɗauke su. Da aka fara daga bisani, wani matashi ya ɗauki ƙwaya mai fuska 12 a zaton ita ce mai fuska 20, ya yi ta jefa ta tsawon zaman yana mamakin yadda bai taɓa cin nasara a abu mai wuya ba. Babu wanda ya lura, domin ga baƙon ido ƙwayoyin biyu kusan kamarsu ɗaya.

Wannan zama ne ya jawo muhawara mafi tsawo da muka yi a shekarar. Wasu mambobi sun so a bar ƙwayoyin nan shida da aka sani, masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, a ba kowace launinta, sannan a sa launin a takardar jarumi. Wasu kuma suka ce a koma ga ƙwayoyi biyu masu fuska 6, irin waɗanda kowa ya sani. Hujjar ɓangare na biyu ta lissafi ce. A ƙwaya mai fuska 20 kowace lamba tana da damar kashi 5 cikin 100, saboda haka mummunan sakamako yana zuwa daidai da yadda matsakaici yake zuwa. Idan kuwa aka haɗa ƙwayoyi biyu masu fuska 6, akwai hanyoyi 36 da za su iya faɗuwa, 6 daga ciki suna ba da 7, amma 2 ko 12 hanya ɗaya tak kowannensu yake da ita. Idan aka ce 7 zuwa sama ne nasara, ɗan wasa zai ci a hanyoyi 21 cikin 36, wato nasararsa za ta fi faɗuwarsa yawa, kuma ɗan koyon da ya ga ƙoƙarinsa yana haifar da ɗa mai ido ya fi yiwuwa ya dawo. Kwamiti ya goyi bayan wannan ra'ayi, ko da yake mun san ƙwayoyi masu siffofi daban-daban suna da nasu kwarjinin da muka rasa.

Babban darasin shekarar dai ya shafi jagora ne. Ɗan wasa sabo yana iya koyo daga na kusa da shi, amma jagora sabo shi ake kallo, shi zai bayyana wuri, ya yi magana da bakin mutanen labari, ya yanke hukunci idan wani ya yi abin da littafi bai hango ba. Saboda haka muka sake rubuta littafinsa gaba ɗaya, kowane fage a shafuka biyu masu fuskantar juna don kada ya riƙa juya takarda, da abin da zai karanta a bayyane cikin akwatin zane, da shawara a gefe kan abin da zai yi idan 'yan wasa suka ƙi bin hanyar da aka shimfiɗa. Mun kuma ƙara shafi kan yadda za a tattauna tun farko a kan abubuwan da wani ba ya son su fito a labari.

Game da haƙƙin mallaka, mun duba dokokin Dungeons & Dragons da mai wasan, kamfanin Wizards of the Coast, ya saki a Janairun 2023 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa damar amfani da su, amma tunda mun sauya ƙwayoyi, sai muka rubuta namu daga tushe.

Abin da bai kammala ba shi ne zanen taswira da hotunan jarumai, wanda ya jinkirta bugawa. Haka kuma ba mu gwada akwatin da masu raunin gani ba, alhali girman rubutu da bambancin launi suna bukatar ra'ayinsu kafin a kai ga maɗaba'a. Muna roƙon duk mamban da yake da abokai ko 'yan uwa da ba su taɓa bugawa ba ya sanar da sakatare, ya karɓi kwafin gwaji da takardar lura, ya zauna gefe ya rubuta duk inda suka tsaya, sannan ya dawo da takardar kafin babban taro mai zuwa.