Filin unguwa ba kango ba ne don an gan shi fayau da tsakar rana

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah a ba ni dama in yi magana kan filayen nan na cikin unguwa da jama'a ke taruwa, don na lura masu tsara gari da masu neman filoti kallon asara suke musu.

Jami'i zai zo duba fili da misalin ƙarfe ɗaya na rana, rana ta take, yara suna makaranta manya sun tafi nema, sai ya ga ba kowa ya je ya rubuta wai fili ne da ba a amfani da shi, daga nan sai ka ji an yanka shi an sayar ko an zagaye da katanga. To ai shi ne ya zo a lokacin da bai dace ba. Da sassafe zai zo da ya tarar da masu motsa jiki suna ta zagaye, da dattawan da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini ko siga. Hantsi na yi sai iyaye mata da ƙananan yara su karɓa, ga 'yan fansho suna hira, kuma in ka lura benci yana nan inda aka kafa shi amma su suna ta matsawa duk inda inuwar bishiya ta juya, har wani ya taho da kujerarsa daga gida. Yamma kam ba a magana, an taso makaranta, an jera takalma an yi gola, ƙura na tashi. Da dare kuma samari ne ƙarƙashin fitila kowa da wayarsa. Ba kwamiti ba jadawali, amma kowa ya san lokacinsa.

Kuma a nan ake jin maƙwabci ba shi da lafiya, a nan ake jin ana ɗaukan ma'aikata a wuri kaza, sannan ɓarawo ba ya son wurin da ido ya yi yawa tun safe har dare.

Maganar nan fa ba tawa ba ce ni kaɗai. Cikin muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, muradi na 11 ya nemi kafin 2030 kowa ya samu wurin taruwa mai tsaro kusa da shi, musamman mata da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. A Bogota ta ƙasar Kolombiya tun 1974 suka fara rufe tituna wa motoci ranar Lahadi don jama'a su fito da ƙafa da keke, yanzu abin ya wuce kilomita 100. A Faris ma da fili ya yi musu kaɗan, daga 2018 suka shiga shuka bishiyoyi a farfajiyar makarantu, daga baya suka fara buɗe wasu wa mutanen unguwa ranar Asabar. Wasu na neman fili ido rufe, wasu kuma suna da shi suna yankawa.

Amma tsakani da Allah mu ma masu amfani da wurin da namu laifin. 'Yan ƙwallo in suka shigo sai su cinye filin gaba ɗaya, 'yan mata da ƙananan yara su koma gefe suna kauce wa ƙwallo, kuma duk filin da fitilarsa ta mutu magariba na yi mata suke watsewa, ya zama na maza zalla. Wannan ai ba filin kowa da kowa ba ne kenan.

Roƙona ga hukuma, ba sai an kashe maƙudan kuɗi an yi ƙaton get da mai yankan tikiti ba. A shuka bishiya, a sa benci mai majingina yadda tsoho zai iya jimawa a kai, a ware wa yara ɓangarensu, a yi bayi da famfo, sannan a faɗa wa mutanen unguwa ofishin da za su kai ƙara in fitila ta mutu, don yanzu sai ta yi wata da watanni ba wanda ya san wa zai gyara.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Daga wani mai karatunku