Godiya ga ɗiyar da ta hana ni sauke rufin gidan mahaifina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata mai shagon tsara ɗakuna a unguwar Zongo, nan Damagaram, ke da yaran aikinki gaba ɗaya. Kin roƙe ni kada in kama sunanki, na kiyaye. Maƙwabtan da suka ga shiga da fitarki gidana wata uku sun san wa nake nufi. Amma godiyar ba zan yi ta a ɓoye ba, don yabon gwani ya zama dole, kuma akwai masu gidaje irin nawa a unguwar Birni da ke gab da yin ɓarnar da na kusa yi.

Gidan na mahaifina ne, shi ma a hannun nasa mahaifin ya same shi. Ginin ƙasa ne, zaure da soro da ɗakuna huɗu. Da na ajiye alli bayan shekarun da na yi ina koyarwa a lekol, ƴaƴana suka haɗa mini kuɗi a kan ɗan abin da na tara, muka ce a gyara gidan kafin auren autana, wanda zai zauna da amaryarsa a sashen gabas. Abin da ke raina a lokacin shi ne a sauke azara a buga kwano, a shafe bango da siminti, a shimfiɗa farin karo, wato tayil, mai sheƙi, a jera manyan kujerun nan masu kai kamar karagar mulki. Su nake gani a gidajen sababbin unguwanni, na ɗauka shi ne ci gaba.

Ba ke muka fara nema ba. Yarona ya samo wani saurayi a Facebook, shafinsa cike da hotunan faluka kamar na otal. Ya zo sau ɗaya, ya auna ɗakuna da ido, ya karɓi jika 150 na sefa kafin alƙalami, daga nan wayarsa ta daina shiga. Daga baya muka gane ko hoto ɗaya babu aikinsa a ciki. Na bar shi da Allah. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, shi ya sa ranar da uwargida ta dawo daga wani suna a Garin Malam tana ta santin ɗakin mai jego, tana cewa wata yarinya ce ta tsara shi, na ce sai na je na gani da idona. Na je. Na zauna a ɗakin, na taɓa bango, na buɗe ƙofar kabad na rufe, na tambayi maigidan nawa aka ce masa da farko, nawa ya biya a ƙarshe. Lissafin biyu bai yi nisa da juna ba. Sannan na kira ki.

Zuwanki na farko ne ba zan manta ba. Watan Mayu ne, ƙarfe biyu na rana, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40 har karnuka su rasa inuwa. Na shirya ki fito da ma'auni, sai kika cire takalmi kika zauna kan tabarma a zaure, kika hau tambaya. Wa ke kwana a ina? Ina Inna ke salla? Baƙi nawa ke cika gidan nan ranar Salla in an tashi daga kallon hawa a ƙofar fada? Ta wane gefe ruwan damina ke dukan bango? Ƙurar hunturu ta ina take shigowa? Har na fara tunanin ko ƴar jarida aka turo mini. Can kika miƙe, kika shiga soro, kika ɗora tafin hannunki a bango, kika ce in ɗora nawa. Sanyi ƙalau. Kika ce, "Baba, in kuka buga kwano a nan, da kuɗinku za ku sayi zafi."

Ban ji daɗin maganar ba a ranar, gara in faɗi gaskiya. Amma kin zaunar da ni kin yi mini bayani yadda nake yi wa ɗalibai. Bangon ƙasa mai kauri yakan shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Siminti kuma ba ya kama jikin ƙasa. Ruwa ya sami ƴar tsaga ya shiga baya, ya rasa hanyar fita, bayan damina biyu ko uku sai a ga shafen yana ɓallewa fale-fale, ya tafi da naman bangon. Na san haka ne, don na ga ya faru a layinmu, ban dai taɓa haɗa dalilin ba.

Kashegari kika zo da wani dattijon magini, sa'ar yayana. Ya bi azarar soro ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa ta da sanda yana saurare, kamar mai zaɓen kankana. Biyar kaɗai ya ce sun mutu. Aka samo na giginya aka maye gurbinsu, aka sake yaɓen rufi, aka gyara indararo. Bangon gabas, wanda hadari ke fara duka, ya shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da na yi zaton an daina aiki da shi tun muna yara. Zanen fuskar zaure da ya dushe har na manta akwai dagi a tsakiyarsa, ya bi sawun na da da yatsunsa ya tayar da shi. Abin kunya ne a gare mu. Garin nan shi ne babban birnin ƙasa har 1926 kafin a mayar da mulki Yamai, kuma baƙi na zuwa Birni takanas don ɗaukar hoton irin wannan zane, mu masu gidajen muna neman siminti mu rufe shi.

A cikin ɗakuna kuwa mun sha ja-in-ja, kuma ba kullum kika yi nasara ba. Kujerun sarautar nan kin kayar da ni a kansu: kika zana girmansu da gawayi a ƙasa, na ga in sun shiga ba sauran wurin da jikoki za su shimfiɗa tabarma su ci tuwo. Maimakonsu kafintanki ya yi dogon benci mai katifa a jikin bango biyu, ƙarƙashinsa ma'ajiyar barguna, aka ƙara da tum-tum huɗu na fata daga hannun dukawan garin nan. Amma kabad ɗin Inna na kwalla da fanteka, wanda kika so a fitar, ta ce gawarta ce za ta riga shi fita. Kika yi dariya kika ce, "Inna, na tuba." Aka goge shi aka canza masa gilashi, yanzu shi ne abin da mata ke fara yabawa.

Karo ma an sa, a banɗaki da kicin da ɗakin amarya, don yarinyar zamani ce kuma tana da haƙƙinta. Sai dai kin hana fari, kin zaɓi mai launin rairayi, kika ce a hunturu farin karo sai an goge shi sau uku a wuni. Labule ma haka. Na so mai nauyi mai ninki-ninki, kika tambaye ni garwa nawa za a saya kafin a wanke shi ya fita. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san wannan tambaya ba wasa ba ce. Pampo kan yi kwanaki bai kawo ba, ƴan garuwa kuma ba sa sayarwa da arha in rani ya tsananta. Aka saro yadin auduga mara nauyi daga Kantin Kwari a Kano, telanki ya ɗinka, yarinya ɗaya na iya cire shi ta wanke a bokiti. Randar Mirya kika sa a kusurwar soro kan ƴar kujerar katako, da fitila mai aiki da hasken rana a kowane ɗaki saboda ranar da kuran ya ɗauke.

Maganar kuɗi ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun farko kin rubuta komai a takarda, muka sa hannu, muka raba biyan kashi uku, ba a karɓar na gaba sai na ga aikin na baya. Duk ranar Alhamis in kin dawo daga Kasuwar Dole sai ki kawo mini littafi da rasiɗai, har na ƙusa. Sau ɗaya aka yi kuskure: kafinta ya yanke ƙyauren ɗakin amarya ya gaza da yatsu uku, aikin ya tsaya mako biyu. Ba ki ɗora wa yaron laifi a gabana ba, ba ki kuma ce in ƙaro ba. Kika ce awonki ne, kika sayi katako daga aljihunki. Ranar da aka gama kika miƙo mini ambulan da jika 38, wai ragowa ce. Na ƙirga sau biyu don ban yarda da idona ba.

Ina gode wa maginin, Allah ya ƙara masa lafiya ya ba shi magada. Ina gode wa kafinta da tela da mai fenti, da ƙaramin yaron nan da ba ya tafiya gida sai ya share tsakar gida ya kwashe ƙusoshi don kada jikokina su taka.

An yi biki lafiya, amarya ta tare. Ranar jere ƴan uwanta sun zo da shirin kushe gidan ƙasa, suka ɓuge da tambayar lambar wayarki. Ni kuma yanzu bayan azahar a soro nake kishingiɗa, ko fanka ba na kunnawa. Inna ta ce in gaya miki ranar Juma'a za ta dama fura, ki zo da yaranki, ki kuma taho da kafinta ya duba ƙyauren zaure, ya fara kuka in an buɗe shi da asuba.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa kasuwa, ya tsare ki daga sharrin masu sharri.

Babanki,
tsohon malamin lekol,
Birni, Damagaram.