Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Ƙarancin Maganin Saran Maciji

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga kudancin Jihar Gombe, a daidai lokacin da shinkafa ta nuna a fadama, dawa ta sunkuyar da kai a tudu, kowane magidanci ya wasa laujensa amma gabansa yana faɗuwa. Kai ɗan Misau ne, kuma a Zariya ka yi karatun likita, saboda haka ba sai na tsaya yi maka bayanin mece ce kububuwa ba, ko dalilin da ya sa mutanenmu suke kiranta gobe da nisa. Magana ɗaya ce ta kawo ni gabanka, ranka ya daɗe. Maganin dafin wannan macijiya yana nan, an gwada shi a jikin mutanenmu an ga ya yi, amma har yau babu shi a mafi yawan asibitocin da ke kusa da gonakin da take saran mutane.

Bara da kaka ƙanena ya yi sammako zuwa fadamar da muke noman shinkafa a bakin rafi, domin ya kwashe dammunan da muka tara da yamma. Ya ce ya ji wannan ƙarar da take yi idan tana goga jikinta, kamar an ɗiga ruwa a cikin tafasasshen mai, amma kafin ya janye hannu daga ƙarƙashin damin ta riga ta sare shi a gindin babban yatsa. Waɗanda ke kusa suka yi abin da suka gada: suka ɗaure masa dantse tamau da robar taya, wani ya tsaga wurin da reza, aka goya shi a babur. A ƙaramin asibitin da ya fi kusa da mu, ma'aikacin ya ce tun da aka kawo shi wurin bai taɓa ganin kwalbar maganin ba. A babban asibitin da muka wuce, aka ce ya ƙare, aka rubuta mana suna a takarda mu nemo a waje. Sai da aka sayar da raguna biyu a ranar, a farashin wanda ya matsu, kafin muka sayi kwalba biyu a wani kemis. Aka yi masa, muka kwana muna godiya ga Allah.

Da gari ya waye jini yana tsattsafowa daga dasashinsa, kuma wurin da aka tsaga ya ƙi tsayawa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗebi jininsa ta zuba a ƙaramar kwalbar gilashi, ta ajiye a kan tebur, ta duba agogo. Bayan minti 20 ta karkata kwalbar a gabanmu, jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo, ko alamar daskarewa babu. Ta ce mana a hankali mu ɗauke shi zuwa Kaltungo, inda ake da asibitin kula da waɗanda maciji ya sara, tun da sauran lokaci. A can ne aka ba shi maganin da ya dace, kuma da aka sake wannan gwajin bayan awa shida jinin ya daskare. Ya rayu, alhamdu lillahi, ko da yake har yanzu yatsan ba ya lanƙwasuwa. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani yaro makiyayi da aka kawo daga nesa a kwana na biyar da sara, yana ta kukan ciwon kai. Bai kai asuba ba. Mahaifiyarsa ba ta yi kururuwa ba, zaninta kawai ta ja ta rufe masa fuska, kuma wannan hoton ne ya hana ni barin maganar.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da ya faru da kwalabe biyun da muka saya. Maganin dafi ba kamar farasitamol ba ne da zai yi wa kowa aiki. Ana haɗa shi ne daga jinin doki ko tunkiya da aka riƙa yi wa allurar dafin wasu macizai takamaimai, don haka wanda aka haɗa da dafin macizan Indiya ba ya kashe dafin kububuwarmu yadda ya kamata, ko da kuwa kwalinsa ya yi kyau. Maƙwabtanmu na Gana sun ɗanɗana wannan: a wani asibitin karkara a tsakiyar ƙasar, da aka maye gurbin maganin da ya dace da wani mai araha wanda bai dace ba, mace-mace suka tashi daga kashi 1.8 cikin 100 zuwa kashi 12.1. Duk da haka irin waɗannan kwalabe suna nan a kasuwanninmu, talaka yana sayar da dabbarsa ya saya, ya yi asarar dukiya, ya yi asarar kwana guda wanda shi ne tsakaninsa da kabari. Ina roƙon ka umarci hukumar NAFDAC ta fitar da sunayen magungunan da aka tabbatar suna aiki a kan macizanmu, a manna su a ƙofar kowane asibiti da Hausa da sauran harsuna, a kuma kwashe sauran daga kasuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, aikin da ya fi wuya an riga an gama shi tun tuni. Ma'aikatar da kake jagoranta ce ta haɗa hannu da masana na Liverpool da Oxford, aka kama macizai a ƙasar nan aka kai Ingila aka tatsi dafinsu, aka samar da EchiTAb-G wanda kamfanin MicroPharm ya haɗa a Birtaniya domin kububuwa, da EchiTAb-Plus wanda cibiyar Clodomiro Picado ke yi a ƙasar Kosta Rika domin kububuwa da kasa da kumurci. A Kaltungo aka gwada su a kan mutum 400, aka wallafa sakamakon a 2010, kuma aka ga cewa da kason farko kaɗai jinin kusan kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka ba EchiTAb-Plus ya dawo daidai cikin awa shida, na EchiTAb-G kuma kusan kashi 76. Dafin macizanmu ne, jikin manomanmu ne aka gwada, likitocinmu ne suka kwana a kan marasa lafiyar. Yaya za a ce bayan duk wannan, sai mutum ya yi sa'a kafin ya tarar da kwalba ɗaya a firjin asibitin ƙaramar hukumarsa?

Ba mu manta da kakar 2017 ba, lokacin da magani ya yanke a asibitin Kaltungo da na Zamko da ke yankin Langtang, jaridu suka ruwaito cewa mutum 250 sun mutu cikin mako uku a jihohin Gombe da Filato. Kafin nan duniya ta riga ta samu gargaɗi, domin kamfanin Sanofi ya daina yin maganin dafi mai suna Fav-Afrique a 2014, kuma ragowar da ke ajiye ta lalace a 2016. A wannan shekarar ta 2017 ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, sannan a 2019 ta fito da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince. Shekarun da suka rage ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Ma'aikatarka da bakinta ta sha faɗin cewa maciji na saran kimanin mutum 20,000 a shekara a ƙasar nan, kimanin 2,000 suna mutuwa, kuma duk wanda ya zauna a ƙauye ya san wannan lissafin bai haɗa da waɗanda aka binne daga gidan mai maganin gargajiya ba, ko waɗanda suka cika a kan babur. Kowace ranar 19 ga Satumba, ranar wayar da kai kan saran maciji ta duniya, ana taro a Abuja, ana karanta waɗannan alƙaluma, ana maimaita alkawarin cewa za a fara yin maganin a gida. Mu da muke nan muna jin labarin taron a rediyo, sannan wata guda bayan haka girbi ya kama, a koma neman kwalba.

Kada a ɗauka matsalar Kaltungo da Langtang da Bambur ce kaɗai. Duk inda ruwa ya haɗa mutum da ɓera da kwaɗo, maciji yana wurin. Mai noman rani a ƙasan madatsar Dadin Kowa yana shiga ban ruwa da dare ba takalmi, masunci a bakin Binuwai yana jan komarsa cikin ciyawa kafin gari ya waye, mace tana bin siririyar hanya zuwa rafi inda kasa ke kwance ba ta motsi har sai an taka ta, kumurci kuma yana bin akurki da rumbu har ya shiga ɗaki ya sari wanda ke barci a tabarma. Idan ambaliya ta zo, kamar ta 2012 da ta 2022, tudun da mutane suka gudu suka hau shi ne tudun da igiyar ƙasa ta gudu ta hau, ga shi hanya ta yanke, ga gada ta karye. Ana kai wa waɗanda ambaliya ta kora shinkafa da tabarmi da gidan sauro, kuma muna godiya, amma ya kamata a ce a cikin kayan agajin da ke isa sansaninsu akwai maganin dafi da wanda ya iya yin sa.

Ranka ya daɗe, ba na rubuta wannan don in ce ba ka yi komai ba. Kai ne ka tsaya ka sanar a watan Nuwamban 2024 cewa matan da ba su da hali za a yi musu tiyatar haihuwa kyauta. Kai ne ka yi alkawarin ninka ƙananan cibiyoyin lafiya da ke samun kuɗi daga asusun kula da lafiya a matakin farko, daga kimanin 8,800 zuwa sama da 17,000. Kai ne kuma kake jagorantar yunƙurin gwamnati na ganin ana haɗa magunguna a cikin gida, har Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar cire haraji kan kayan haɗa magani a 2024. Waɗannan alkawuran naka ne nake riƙewa. Idan haihuwa ta gaggawa ta cancanci a ɗauke wa talaka kuɗinta, to saran kububuwa ma gaggawa ne, kuma wanda take sara shi ne mai ciyar da matar da jaririn. Ina roƙonka don girman Allah a ba maganin dafi gurbinsa na dindindin a kasafin kuɗi, a saye shi kafin damina ta faɗi, a raba shi zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa kafin girbi, a ba da shi kyauta. Firjin da ke aiki da hasken rana wanda ake ajiye alluran rigakafin yara yana nan a cibiyoyi da yawa, kuma kai da ka taɓa shugabantar hukumar kula da lafiya a matakin farko ka san yadda aka kai ɗigon shan inna har rugar da mota ba ta zuwa. Hanyar da ta kai wancan za ta iya kai wannan.

Game da yin maganin a gida kuwa, muna son a faɗa mana wuri da rana. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom wadda ta shafe shekara 100 tana aiki, muna da dawakai, muna da masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan wannan bincike. Kosta Rika ƙasa ce da yawan mutanenta bai kai rabin na Jihar Kano ba, amma ita ke yi mana magani, kuma duk lokacin da dala ta tashi sai kwalbar ta ƙara nisa da hannun manomi. Na san ginin irin wannan masana'anta yana ɗaukar shekaru, kuma magani marar inganci ya fi rashinsa illa, shi ya sa nake cewa a fara yanzu, a kuma ci gaba da sayowa daga waje ba yankewa har ranar da namu zai fito.

Sauran buƙatun ƙanana ne idan aka kwatanta. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gwajin minti 20, domin kwalbar gilashi mai tsabta da agogo kawai yake buƙata, a kuma tanadar musu allurar da ake yi idan jikin majinyaci ya ƙi maganin. A riƙa sanarwa a rediyo da masallatai da majami'u cewa ɗauri mai tsanani da tsaga da tsotsa da baƙin dutse ba sa fitar da dafi, abin da ake so shi ne a cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti, wanda kumurci ya tofa wa a ido kuma a wanke da ruwa mai yawa. Idan ana rabon taki, a haɗa da dogon takalmin roba da safar hannu. Amma na san mutanenmu: ba za su daina zuwa wurin mai maganin gargajiya ba muddin sun san idan sun je asibiti takarda za a miƙo musu.

Nan da 'yan kwanaki za mu shiga fadama yankan shinkafa, ƙanena ma zai shiga da hannunsa ɗaya da rabi, domin babu wanda zai yanke masa. Ina roƙon ka aika a binciko maka kwalba nawa ce ke cikin firjin kowane babban asibiti a Gombe da Taraba da Adamawa da Bauci da Filato da Binuwai a wannan makon, a kawo maka lissafin a teburinka, ka gani da idonka.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka,
Malamin makaranta kuma manomi,
daga kudancin Jihar Gombe.