A Sanar Da Maniyyata Batun Rigakafin Ciwon Huhu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin hukumomin alhazai, da kuma 'yan uwanmu Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina, kan wata allurar rigakafi da ba a cika ambatonta ba idan ana shirin aikin Hajji.

Kowane maniyyaci ya san allurar sanƙarau, domin Saudiyya ta wajabta ta, kuma ta shardanta a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isowa. Sai dai da yawa daga cikin dattawanmu sun ɗauka wannan allurar ta wadatar, alhali ba ta ba da kariya daga ƙwayar nimokokas, wadda ke haddasa ciwon huhu mai tsanani, ta shiga jini, wani lokacin ma ta kai ga ƙwaƙwalwa ta jawo nata irin sanƙarau. Ƙwayar tana yaɗuwa ne ta tari da atishawa, kuma duk wanda ya taɓa kwana a tantunan Mina ya san yadda tarin mutum ɗaya yake zagaye tanti guda kafin a gama jifa. Ba mamaki ciwon huhu yake sahun gaba cikin abubuwan da ke kwantar da alhazai a asibiti.

Ta ɓangaren yara kam an yi ƙoƙari. Tun 2009 Saudiyya ta sanya allurar rigakafin nimokokas cikin jadawalin jarirai, ana yi musu a wata 2, da 4, da 6, sannan a ƙara ɗaya idan sun cika shekara, Najeriya kuma ta fara tata a ƙarshen 2014. Wannan na nufin duk wanda ya isa zuwa Hajji da kuɗinsa a yau bai same ta yana jariri ba, kuma cikinsu ne ake samun waɗanda cutar ta fi yi wa illa: masu shekara 65 zuwa sama, da masu ciwon suga ko na zuciya ko na ƙoda, da masu sikila, waɗanda saifarsu ba ta iya tace wannan ƙwaya yadda ya kamata.

A ganina bai dace malaman bita su shafe makonni suna koyar da ɗawafi da sa'ayi ba tare da an ba likita ko da zama ɗaya ya yi wannan bayani ba. Ya kamata duk mai irin waɗannan larurori a tura shi ya ga likita tun ranar da ya biya kuɗin kujera, domin jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin allurar ta fara aiki. Mu kuma mazauna nan Saudiyya, da muke karɓar baƙi a gidajenmu kowace shekara, mu kai iyayenmu cibiyar lafiya ta unguwa a duba ko sun cancanci a yi musu, mu kuma binciki katin yaranmu, musamman allurar cika shekara wadda iyaye mata kan manta da ita da zarar yaro ya fara tafiya.

Wassalam,
Wani mai karatunku daga Makka